Buck 110: tsohuwar mai tagulla ko sabuwar siririya mai maƙalin aljihu?

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a masu sha'awar wuƙaƙe. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wuƙar nan ta Amurka mai naɗewa, Buck 110, domin ina shirin in sa a sayo mini guda, kuma da na duba abin da kamfanin yake sayarwa yanzu sai na tarar suna ɗaya ne amma wuƙaƙen sun rabu gida-gida. Akwai ta asali wadda aka fara fitarwa a 1964, mai tagulla a kai da gindi da baƙin katako a tsakiya, wadda ake zurawa cikin kube na fata a rataya a bel. Akwai kuma waɗanda suka biyo baya, kamar 110 Auto ta 2017 wadda ruwanta yake fita da kansa idan an danna maɓalli, da 110 Slim ta 2018 wadda aka cire mata tagullar ɗungurungum, aka sirantar da mariƙinta, aka sa mata maƙalin aljihu da wani ɗan ƙulli a jikin ruwan domin a tura shi da babban yatsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne nauyi. Ta asali ta haura giram 200 da kaɗan, ita kuwa Slim mai mariƙin roba tana wajen giram 80, alhali tsawon ruwansu ɗaya ne, santimita 9.5. Shin wannan sauyi gyara ne na gaskiya da ya ƙara wa wuƙar amfani, ko kuwa an ɗauki sunan tsohuwa ne kawai an liƙa wa wata wuƙa dabam domin kasuwa ta buɗe? Aikin da zan sa ta bai wuce fiɗa a lokacin layya ba, da yankan igiya da farke buhu a gona, da feraye rake idan ta kama. Yawanci kaftani nake sawa, ban cika ɗaura bel ba, idan wannan zai shafi amsar.

Baba Mafarauci ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka zaɓa, ya kamata ka san dalilin da ya sa aka ƙera wuƙar nan yadda take tun farko, domin nauyin da kake gani ba ganganci ba ne. A 1963 ne Al Buck, shugaban kamfanin a lokacin, da abokan aikinsa suka yanke shawarar yin wuƙa mai naɗewa wadda mafarauci zai feɗe barewa da ita ba tare da fargabar ta rufe masa a kan yatsu ba, wato wadda za ta yi aikin wuƙa tsayayya amma a naɗe ta idan an gama. A wancan zamani yawancin wuƙaƙen aljihu ba su da makulli, sifirin ne kaɗai ke riƙe ruwan, kuma ƙanana ne. Abin da Buck ya yi shi ne ya shimfiɗa sandar ƙarfe a gadon bayan mariƙin, mai ƙugiya a gaba wadda take faɗawa cikin wani gurbi a gindin ruwan idan an buɗe, sannan ya kewaye wannan duka da tagulla mai kauri domin ƙusar da ruwan yake juyawa a kanta ta sami wurin zama mai ƙarfi. Ba shi ya ƙirƙiro makullin baya ba, an san shi tun kafin nan, amma shi ya yi shi da girma da ƙwarin da ya sa mafarauta suka yarda da shi, har masana'antu da yawa a ƙasashe dabam-dabam suka yi ta kwaikwayonsa.

To, ka ambaci fiɗa, kuma a nan ne nake da magana. Wanda ya taɓa feɗe babban rago ko sa daga wuya zuwa wutsiya ya san cewa ba kaifi kaɗai ke gajiyar da mutum ba, mariƙi ma yana yi. Hannu yana jiƙe da jini da kitse, kana jan fata da hagu kana bin ta da wuƙa da dama, kuma abin da kake so shi ne mariƙin da ya cika tafin hannu, mai santsin gefe, wanda ba sai ka matse shi da ƙarfi ba kafin ya zauna. Mariƙin ta asali haka yake. Slim kuwa an sirantar da ita ne domin ta kwanta a aljihun wando, kuma abin da ya yi wa aljihu daɗi ba lallai ya yi wa hannu daɗi ba: siririn mariƙi yana sa yatsu su ƙage idan aiki ya yi tsawo, maƙalin nan na ƙarfe kuma yana zaune daidai inda tafin hannu yake dannawa.

Ƙullin babban yatsa ma ban ga hikimarsa a wannan wuƙa ba. An sa shi ne domin a buɗe ta da hannu ɗaya, amma ba a matsar da wurin sakin makullin ba, yana nan a can ƙarshen mariƙin inda yake tun 1964, saboda haka wanda ya buɗe da hannu ɗaya sai ya nemi hannu na biyu kafin ya rufe cikin aminci. Rabin gyara ke nan. Ga shi kuma ƙullin yana tsaye a gindin ruwan, inda yake kama gashi da tsokar nama, yake kuma iya tokarar dutse idan mutum ya kwantar da ruwan sosai wajen wasawa. Ta asali tsaga ce kawai aka yi mata ta sa farce, babu abin da ya fito daga jikin ruwan.

Game da Auto, ba na ba ka shawararta ko kaɗan don irin aikinka. An ƙara mata maɓalli da sifirin, kuma duk abin da aka ƙara a cikin mariƙi wuri ne da jini da yashi za su shiga su zauna. Ni dai a wurina da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya Bazazzage ya rubuta:

Ranka ya daɗe Baba, na yarda da duk abin da ka faɗa game da mariƙi, kuma batun makullin da ke ƙarshen baya gaskiya ne da masu yabon Slim ba su cika son a tayar ba. Inda zan ɗan saɓa maka, da izininka, shi ne a kan tunanin cewa akwai wata Buck 110 ta asali da ta tsaya cak tun 1964 har aka zo aka taɓa ta a 2018. Wadda Malam Ɗan Kurmi zai saya yau da sunan ta asali ba irin wadda aka sayar a shekarun 1960 ba ce, siffar ce kawai ta kusa zama ɗaya. An sauya ƙarfen ruwan, an sauya yadda ake fitar da bakin, an sauya katakon mariƙin fiye da sau ɗaya, an goge kusurwoyin tagullar da a da suke da kaifin gefe aka mai da su masu lanƙwasa, har masana'antar kanta ta tashi daga El Cajon a jihar Kalifoniya ta koma Post Falls a jihar Idaho a 2005. Masu tara tsofaffin wuƙaƙen nan suna bambance su ne ta hatimin da ke gindin ruwan, kuma daga 1986 kamfanin ya fara buga wata 'yar alama ta musamman ga kowace shekara.

Bari in tsaya a kan ƙarfe, domin a ganina nan ne sauyin da ya fi shafar mai aiki da wuƙa yake, kuma shi ne wanda ido ba ya gani. Na farkon an yi su da ƙarfen 440C, mai sinadarin kabon wajen kashi 1 cikin ɗari da kuromiyam wajen kashi 17. Ƙarfe ne mai riƙe kaifi, amma da aka haɗa shi da bakin da ake fitarwa mai kauri a wancan lokaci, sai wuƙaƙen Buck suka yi suna da wuyar wasawa. Mutum yana iya daɗewa a kan dutse bai ga abin kirki ba. A farkon shekarun 1980 aka koma 425M, a farkon shekarun 1990 kuma aka koma 420HC, wanda shi ake amfani da shi har yau, kuma kabon ɗinsa bai kai rabin na 440C ba. Duk wanda ya dubi alƙaluman kaɗai zai ce an ci baya, kuma lallai a lokacin an sami masu cewa kamfanin ya bi araha ne. Akwai ƙamshin gaskiya a zancensu, domin ƙarfe mai ƙarancin kabon ya fi sauƙin yankewa da inji a masana'anta. Amma abin da suka manta shi ne ƙarfe rabi ne, yadda aka gasa shi aka sanyaya shi ne sauran rabin. Tsarin gashin da Paul Bos, wani ƙwararre a gashin ƙarfen wuƙa, ya shimfiɗa wa kamfanin yana kai 420HC ga tauri na 58 a ma'aunin Rockwell, kuma da aka zo wajen shekarar 2000 aka sirantar da bakin, sai wuƙar ta fi ta da shiga nama, ta fi jure tsatsa, ta kuma zama wadda kowane dutsen wasa wuƙa zai tayar mata da kaifi cikin ɗan lokaci. Wannan gyara ne na gaskiya, kuma babu wanda ya yi kukan cewa an ɓata wuƙar, saboda tagullar tana nan tana ƙyalli.

Yanzu ga abin da nake so Malam Ɗan Kurmi ya lura da shi. Slim iri-iri ce. Mai araha, wadda ake kira Select, ruwanta 420HC ne kamar na mai tagulla. Masu tsadar, irin su Slim Pro, ruwansu S30V ne, ƙarfen da kamfanin Crucible na Amurka ya fitar a 2001 musamman domin wuƙaƙe, mai kabon kashi 1.45, kuromiyam kashi 14, banadiyam kashi 4 da molibdenam kashi 2. Banadiyam ɗin nan yana haɗuwa da kabon ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen, kuma su ne suke sa bakin ya daɗe bai dakushe ba idan ana yankan igiya ko kwali. Sai dai ƙwayoyin sun fi yawancin duwatsun wasa wuƙa na gargajiya tauri, saboda haka ranar da ta dakushe, wanda ba shi da dutse mai ƙurar daimon zai sha wahala kafin ya dawo da ita yadda take. Mutumin da ke gona ko a tsakar gida ranar layya, wanda dutsen da ya samu shi zai yi amfani da shi, 420HC ta fi masa alheri nesa ba kusa ba, ko da masu talla suna kiran ɗayan ci gaba. A nan ina tare da Baba, amma ba don tsufan ƙirar ba.

Akwai gyara guda cikin sababbin da nake ganin ya cancanci yabo ba tare da togiya ba. Mai tagulla da ƙusoshi aka danne ta, ba a kwance ta a gida. Idan ruwan ya fara rawa hagu da dama, sai dai a matse tagullar a hankali ko a mai da ita ga masu ita. Wasu daga cikin na baya-bayan nan, kamar Slim Pro TRX da 110 Hunter Sport, da sukurori aka ɗaure su, mai ita yana iya ƙara matse ƙusar tsakiya da kansa. Ga mutumin da yake zaune dubban kilomitoci daga Idaho, wanda garantin kamfanin na har abada ba zai yi masa sauƙin amfani ba saboda kuɗin aikawa da dawowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsinin kuwa, ko a tsohuwa ko a sabuwa, siriri ne ƙwarai saboda yadda aka zabge bayan ruwan zuwa gaba. Ya yi kyau wajen tsaga fata a kewayen ƙafa, amma ba a yi shi don ɓanɓare murfin gwangwani ko raba gaɓar ƙashi da murɗawa ba, kuma mafi yawan tsofaffin 110 da ake gani da guntun kai irin wannan aiki ne ya karya su.

Na Yawunde ya rubuta:

Salamu alaikum. Injiniya ya ambaci katako a taƙaice, ni kuma ina so in ɗan faɗaɗa, domin abin ya shafi garin da nake zaune. Na farkon an yi musu mariƙi da baƙin katakon Makasar, wanda ake samu a tsibirin Sulawesi na Indonesiya. Daga baya, cikin shekarun 1990, aka koma wani abu da ba katako zalla ba, falle-fallen itace ne da ake rinawa a jiƙa su da ƙaron roba a matse su su zama dunƙule ɗaya. An shafe shekaru da yawa ana sayar da 110 da wannan mariƙi, kuma mutane da yawa da suke rantsuwa da ta asali a haƙiƙa irin wannan ce a hannunsu ba su sani ba.

A 2019 aka dawo da baƙin katako na gaske, kuma daga nan Kamaru yake zuwa, daga masana'antar tsaga katako ta Crelicam da ke Yawunde, wadda kamfanin Taylor mai ƙera jita a Amurka da kamfanin Madinter na Sifen suka saya a 2011. Masu jita dogayen sassa suke bukata, mariƙin wuƙa kuwa ɗan guntu ya ishe shi, don haka abin da ya yi wa jita ƙanƙanta sai ya sami wurin shiga. Icen na kurmin kudu ne, amma dangin kanya ne da muka sani a arewa, sai dai shi cikinsa baƙi ne mai nauyi da tauri. Kada Malam Ɗan Kurmi ya ga ratsin ruwan ƙasa ko fari-fari a jikin mariƙin ya zaci jabu ce ko aibi ne. A da masu saran icen sukan bar wanda ba baƙi wuluk ba ya ruɓe a daji saboda kasuwa ba ta son sa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da masu masana'antar suka sauya shi ne karɓar mai ratsin.

Abin lura guda: katako na gaske yana numfashi. Da ɗanyen iskar damina yana ɗan kumbura, da hunturu kuma yana ɗan tsukewa, har mutum ya ji ɗan tudu da farce a inda ya haɗu da tagulla. Wanda ke Kano zai fi ni ganin haka saboda bushewar iskarku. A riƙa shafa masa ɗan mai lokaci-lokaci, kada kuma a bar shi jiƙe cikin ruwa bayan fiɗa. Mariƙin roba na Slim babu ruwansa da wannan duka, kuma adalci ne a faɗi haka.

Mazaunin Hambug ya rubuta:

Ina gaida manya. Ni zan kare Slim, tunda na ga an taru a kanta. Baba ya ce an yi ta domin aljihu, kuma haka ne, amma sai mu tambayi dalilin. Tun da Sal Glesser na kamfanin Spyderco ya fitar da wuƙarsa ta farko a 1981 mai maƙalin aljihu da ramin buɗewa da babban yatsa, yadda mutane suke ɗaukar wuƙa ya sauya, kuma masu saye da yawa sun tashi ba su saba rataya kube a bel ba. Wuƙar da ta yi nauyi har mai ita yake barin ta a gida, ranar da igiya ta harɗe ƙafar akuya a gona ba ta da wani amfani komai kyan tagullarta. Fiɗar layya sau ɗaya ce a shekara, igiya da buhu kuwa kullum ne, kuma ban ga dalilin da zai sa aikin rana ɗaya ya zaɓa wa mutum wuƙar da zai ɗauka sauran kwanakin ba. Kamfanin kuma bai daina yin mai tagulla ba, bai tilasta wa kowa sabuwar ba. Opinel ta Faransa ma ta girmi Buck 110 nesa, tun 1890 ake yin ta, amma sai a 1955 aka sa mata zoben da ke kulle ruwan, a 2000 kuma aka gyara zoben ya riƙa kulle ta ko a rufe, kuma ban ji wanda ya ce ta daina zama Opinel ba.

Sai dai akwai abin da zan ja hankalin duk mai tafiye-tafiye a kai, domin ɗan ƙullin nan da ake gardama a kansa yana sauya matsayin wuƙa a gaban doka. A nan Jamus, tun 2008 doka ta hana yawo da wuƙa mai makulli wadda ake buɗewa da hannu ɗaya, sai da ƙwaƙƙwaran dalili kamar sana'a ko farauta. Mai tagulla, da yake hannu biyu ake buɗe ta, ba ta faɗa ƙarƙashin wannan sashe ba, Slim kuwa ta faɗa, alhali ruwansu ɗaya ne. A Ingila kuma makullin kansa ne matsalar, saboda haka duka biyun ba a yawo da su haka kawai. Auto ta fi su duka jawo magana a kan iyaka, kuma wanda zai sa a sayo masa daga waje ya fara tabbatar da cewa za ta wuce kwastan kafin ya biya kuɗi.

Baba Mafarauci ya rubuta:

Ɗana na Hambug, misalin Opinel da ka kawo ni yake goya wa baya. Zoben da aka sa mata ƙari ne a kan abin da take da shi, ba a cire mata katakon ba, ba a sauya yadda take zama a hannu ba. Haka ma sauye-sauyen da Injiniya ya lissafa, na kuwa karɓe su duka, domin kowannensu ya bar wuƙar tana yin aikin da aka ƙera ta dominsa, har ta fi. Slim kuwa an rage mata abin da ya sa ta iya fiɗa ne domin ta iya zaman aljihu. Ba na cewa muguwar wuƙa ce, ina cewa aikinta dabam ne. Idan nauyi ne kaɗai damuwar, tun 1972 kamfanin yake yin 112 Ranger, ƙanwar 110 mai ruwa santimita 7.6, da tagullarta da katakonta, kuma ta ishi rago.

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba da Injiniya da sauran 'yan'uwa, na ƙaru ƙwarai. Na fahimci cewa S30V ba tawa ba ce, Auto ma haka. Abin da ya rage mini shi ne batun kaftani da na ambata tun farko, wanda har yanzu ba a taɓa shi ba: aljihun kaftani a gefe yake, yadinsa kuma ba shi da kauri kamar na wandon Turawa. Shin maƙalin Slim zai kama irin wannan aljihu? Idan kuma mai tagulla na ɗauka, ina zan sa ta tunda ba bel? Sannan ta yaya zan gane makullin yana da lafiya idan ta iso hannuna, tunda na ji an ce jabu sun yi yawa?

Baduku ya rubuta:

Malam Ɗan Kurmi, wannan tambaya ta shigo fagenmu. Maƙalin aljihu an auna shi ne da bakin aljihun wando mai kaurin ɗinki wanda yake kwance, ana zura wuƙar daga sama ta rataya tsaye. Aljihun kaftani tsaga ce a tsaye cikin ɗinkin gefe, yadin kuma shadda ce ko wani mai laushi, don haka maƙalin ba ya samun abin kamawa sosai, wuƙar takan karkace, kuma yawan zurawa da zarewa yana cin bakin yadin. Idan Slim ka saya, ka sake ta cikin aljihun kawai. Da nauyinta ba za ta ja rigar ba, kuma ana iya kwance maƙalin a ajiye tunda sukurori ne suka riƙe shi, wanda hakan zai kawar da rabin ƙorafin Baba game da tafin hannu. Sai dai wuƙar da ke yawo a ƙasan aljihu tana tara zare da ƙura a gurbin da ƙugiyar makulli take faɗawa, kuma idan gurbin ya cika, ƙugiyar ba ta zama har ƙasa, ruwan yana iya rufewa ana cikin aiki. A riƙa duba wurin ana share shi da tsinke.

Mai tagulla kuwa kada ka sake ta a aljihun kaftani, za ta ja gefen rigar ƙasa ta riƙa dukan cinya. Kube take so, kuma ba dole ne ya zama na bel ba. Kowane baduku da ya iya ɗinkin kuben wuƙa zai yi maka mai dogon madauri wanda za ka rataya a kafaɗa ta cikin riga, ya sauka a ƙarƙashin hammata daidai tsagar aljihu, yadda hannu zai kai gare shi ba tare da ka ɗaga rigar ba. Ka kai masa wuƙar ya auna a jikinta, tsawonta a naɗe ya ɗan haura santimita 12, ka ce ya yi da fatar sa mai kauri ba ta akuya ba, domin ta akuya tana saki da nauyin tagulla. Amma kada ka mai da kuben wurin ajiya na watanni. Tagulla idan ta daɗe manne da jemammiyar fata, musamman da damina, takan fitar da wani koren datti mai danƙo wanda yake shiga har cikin mahaɗar ruwan, kuma ba abin da za ka so ya taɓa nama ba ne. Idan ba fita za ka yi da ita ba, ka zare ta ka ajiye dabam.

Game da gwajin makulli, ka buɗe ta a hankali har ƙarshe, ka ji ƙarar faɗawar ƙugiyar sarai, sannan ka duba gadon baya: sandar makullin ta kwanta daidai da tagullar da bayan ruwan, kada ta yi tudu. Ka riƙe mariƙin ta gefe yadda babu yatsa ko ɗaya a hanyar ruwan, ka kama bayan ruwan da ɗayan hannun ka motsa shi sama da ƙasa, sannan hagu da dama. Sabuwa ta gaske bai kamata ta yi rawar da za ka ji a fili ba. Ka rufe ta kuma ka leƙa ka ga ruwan ya kwanta a tsakiya bai gogi gefe ba, tsinin kuma ya nutse cikin mariƙin yadda yatsa ba zai kama shi ba. A gindin ruwan za ka ga sunan kamfanin da lamba 110 da alamar ƙasar Amurka da 'yar alamar shekara da Injiniya ya ambata, amma masu jabu sun iya kwaikwayon hatimi, don haka nauyin da tsabtar mahaɗar tagulla da katako sun fi hatimin gaya maka gaskiya. Idan mai sayo maka zai iya, ya ɗora ta a sikeli a gaban mai shagon kafin ya biya.